Abin da Goggo Maɓalli Ta Gani a Bayan Benci

Shagon Goggo Maɓalli bai fi ɗakin girki faɗi ba, amma babu kayan ɗinkin da za ka nema ka rasa a cikinsa. Ga zare kala-kala a jere a kan katako, ga zif a rataye, ga allurai da robar ƙugun wando, ga kuma kwalabe cike da maɓallai, waɗanda daga gare su ta samo sunanta. Teloli ne manyan abokan cinikinta, sai matan da maɓallin rigar maigida ya tsinke ana shirin fita. In ka kawo mata maɓalli ɗaya kana neman ɗan'uwansa, sai ta ɗora shi a tafin hannu, ta jujjuya shi, ta ce, "Wannan ai na rigar ma'aikatan asibiti ne. Wa ya samu aiki a gidanku ba a gaya mini ba?" Kafin ka bar shagon ta san wanda ya samu aikin, da wanda ya yi masa hanya, da abin da ya raba shi da aikinsa na da.

Ba muguwa ba ce, wannan kowa ya shaida. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu tana da sauran ƙuruciya, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta sake aure ba. 'Ya'yan mutane suka zama nata. Ita ce mai zaman jinya a asibiti in dangi sun gaji, ita ce mai riƙe jariri a bayan coci don uwarsa ta samu jin wa'azi. Lalurarta ɗaya ce: ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce. Tun tana yarinya uwarta ke bugun hannunta saboda buɗe tukunyar maƙwabta. Marigayi mijinta ma yakan ce in ya dawo daga tafiya ba ya wahalar ba ta labari, rigarsa kawai yake miƙa mata, ta laluba aljihu ta gaya masa inda ya tsaya da abin da ya ci.

Bayan rasuwarsa ne ta karɓi aikin kofunan Jibin Ubangiji a cocinsu. Ranar Lahadin da za a yi Jibi, sau ɗaya a wata, ita ke fara zuwa. Ta jera ƙananan kofuna a faranti, ta cika su da ruwan inabi da wata 'yar buta mai siririn baki, ta yayyanka burodi, ta rufe komai da farin ƙyalle. A bayan kowane benci akwai wani siririn katako da kafinta ya huda wa ramuka, kowane wurin zama da raminsa. In mutum ya sha, sai ya ajiye kofin a ramin da ke gabansa. Masu bencin gaba kuwa an kafa musu nasu katakon a gabansu. Bayan an tashi kowa ya watse, Goggo ta ɗauki bokiti ta bi layi-layi tana tsincewa.

Mutanen cocin kuwa ba sa canja wurin zama. Kowa da gurbinsa, kamar an rubuta masa suna a kai. Kuma kafin a zagaya da faranti, Fasto yakan ce duk wanda ya san akwai abin da ke tsakaninsa da Allah ko da ɗan'uwansa wanda bai gyara ba, ya bar farantin ya wuce, ya je ya gyara tukuna, ba abin kunya ba ne. Sai ya sa kowa ya sunkuyar da kai don kada wani ya ga wani. Abin da Fasto bai taɓa tunani a kai ba shi ne, ramin da babu kofi a cikinsa yana magana, kuma akwai mai jin maganarsa.

Shekara da shekaru Goggo ta riƙe abin a cikinta. Takan ga rami babu kofi, ta tsaya da bokiti a hannu tana tunanin ko mene ne. Wata ya zagayo ta ga kofi ya dawo, ta yi murmushi ta ce a ranta, "To, an shirya ke nan." A ganinta wannan ma kula da mutane ne.

Har aka zo kan ramin Injiniya.

Injiniya ɗan wata mai sayar da kayan miya ne. Ya gama jami'a, aikin ofis bai samu ba, ya shiga wajen wani mai gyaran firji yana aiki tare da shi. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da manya. An sa ranar aurensa da Auta, 'yar Dattijo, wato tsohon shugaban makarantar nan da ke zama a bencin gaba, wanda maganarsa ke da nauyi a cocin. Goggo da kanta ta zaɓa wa Auta ƙananan fararen maɓallan da za a jera a bayan rigar amarya.

Karon farko da ta ga ramin Injiniya babu kofi, ta ce ko mura yake yi. Wata ya zagayo, babu. Wani ya sake zagayowa, babu. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin benci ko kofin faɗuwa yake yi. Ta sa yatsa a ramin ko ya yi faɗi. Ramin lafiyarsa ƙalau. Yaron yana zuwa sujada, yana waƙa, yana gaishe ta da ladabi a bakin ƙofa, amma ba ya sha. Me yaro mai shirin aure zai riƙe haka? Tambayar ta bi ta har shago. Wani tela ya nemi baƙin zare ta miƙa masa shuɗi.

Ranar taron addu'ar mata, da aka tambaya ko akwai mai buƙatar addu'a, Goggo ta ji hannunta ya ɗaga.

"'Yan'uwa, ba zan kama suna ba," in ji ta. "Akwai wani ɗanmu, yaro mai ilimi, mai hankali, ana ma shirin aurensa. Ya daɗe bai kusanci teburin Ubangiji ba. Mu sa shi a addu'a kawai."

Aure ɗaya tak ake shiri a cocin.

Aka durƙusa. Wata tsohuwar nas, ƙawar Goggo, ita ta fara. "Ya Ubangiji, kai ka san abin da ya riƙe yaron nan. In wata 'ya ce ta ɗaure shi a waje, ka kwance shi." Aka ce amin. Ta kusa da ita ta karɓa: "In ma har akwai ɗa a tsakani, ya Uba, ka bayyana gaskiya kafin a cuci baiwarka." Goggo ta buɗe ido ɗaya. Ɗa kuma? Daga ina? Amma amin ɗin ya taso da ƙarfi, ita ma ta faɗa tare da su. A hanyar gida har ta kama kanta tana tunanin ko wace yarinya ce.

Maganar ba ta daɗe ba ta isa kunnen Dattijo, ta isa da hannu da ƙafa, har da unguwar da aka ce yarinyar take. Ya kira Injiniya ya tambaye shi. Yaron ya ce babu wata yarinya, babu wani ɗa. Dattijo ya ce to me ya hana shi shan Jibi? Yaron ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Dattijo ya ce to auren ma a ajiye shi tsakaninsa da Allah har sai ya shirya magana. Daga ranar Injiniya bai sake taka cocin ba.

Goggo ta ji duk wannan a bakin mutane, ta yi ta gaya wa kanta cewa ita addu'a kawai ta roƙa. Sai wata safiya Auta ta shigo shagon da 'yar leda a hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ajiye ledar a kan tebur, maɓallan amarya suka yi 'yar ƙara.

"Goggo, ki ajiye mini su a wajenki. In na gan su a ɗaki kuka nake yi."

"Haba 'yata, ai ba a fasa ba. An ɗaga ne."

"Baba ba ya ɗaga abu ya sauke." Ta zauna a kan kujerar da teloli ke jira. "Ni abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya aka sani? Ni da zan aure shi ma ban sani ba. Ai kowa kansa a sunkuye yake. Wane irin mutum ne zai ɗaga kai a lokacin nan yana ƙirga bakin mutane?"

Goggo ta ɗauki wata kwalba ta fara gogewa, kwalbar da babu ƙura a jikinta.

"Goggo, ke ce uwar kowa. Ki yi mana addu'a. Ki yi wa wanda ya fara maganar nan ma, don ni na kasa."

Da Auta ta fita, Goggo ta ja ƙofar shago ta rufe da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba sai in an yi rasuwa. Ta durƙusa tsakanin kwalin zare da tebur ta ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mini in na yi kuskure." Ta jira ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Ta sake: "Ka gafarta mana, mu mata, bakinmu ba ya tsayawa." Nan ma shiru. Ta daɗe a durƙushe har gwiwarta ta fara ciwo kafin ta iya cewa, "Ni ce. Na leƙa abin da ba nawa ba, na kai shi kasuwa, na sa masa rigar addu'a." Da ta faɗi haka sai kuka ya zo. Amma ko da ta share hawaye, ledar maɓallan na nan a kan tebur.

Washegari ta samu Fasto a ɗan ofishinsa na bayan coci yana fama da fankar da ta ƙi juyawa. Ta girme shi nesa ba kusa ba, ta goya 'ya'yansa duka. Ta zauna ta gaya masa komai, har da maganar ramuka. Fasto ya saki fankar ya zauna a hankali.

"Goggo, shekarun nan duka?"

"Duka."

"Ni ina can ina cewa kowa ya sunkuyar da kai, ashe ina da mai duba jarrabawa a baya."

"Kada ka yi mini dariya, Fasto. Allah zai yafe mini kuwa?"

"Tun jiya a shago ya yafe miki, in da gaske kika roƙa. Ba ya ja wa mutum rai. Saboda irin wannan Yesu ya mutu, ba saboda manyan ɓarayi kaɗai ba." Ya goge hannu da tsumma. "Amma tuba ba a durƙushe take ƙarewa ba. Tana da ƙafafu. Kin ɗauke wa yaron nan abu, sai kin mayar."

"In ya kore ni fa?"

"Sai ki koru. Kin dai je."

Ta tashi, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana murza gefen mayafinta. "Fasto, shi yaron, ya taɓa zuwa wajenka? Wato, kai ka san dalilin da ya sa..."

"Goggo!"

"Na tafi, na tafi."

Wajen gyaran firjin wata doguwar rumfa ce a bayan layin masu kayan lantarki. Firji a tsaye, firji a kwance, wasu ƙofa a wangame, wasu an cire musu ciki. Tukwanen gas a jingine da bango, ƙasa duk baƙin mai. Ubangidan ya fita. Ƙafafun Injiniya kawai ta fara gani sun leƙo daga bayan wani babban firjin shagon sayar da kifi.

"Sannu da aiki, ɗana."

Ya fito da filaya a hannu, ya gaishe ta kamar kullum, ya jawo mata benci ya goge da hannun rigarsa. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Ba ta zauna ba. Ta faɗi abin da ta zo faɗa a tsaye, ba ta rage komai ba: ramin, da bokitin, da hannun da ta ɗaga a taron mata, da amin ɗin da ta ce.

Ya ɗago ya kalle ta. Karo na farko ke nan da ta ga ƙwayar idonsa sosai.

"Ramin kofi," ya ce. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na zargi mutumin da ke zama kusa da ni. Na daina gaishe shi. Na zargi masu raba faranti. Ashe katako ne." Ya buga gefen firjin da filaya. "To buɗe wannan ma ki duba, Goggo, ko a nan na ɓoye yarinyar da ɗan."

"Ka faɗi duk abin da kake so. Na ci."

"Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Da na miƙa hannu na ɗauka na shanye kamar kowa, da yanzu ana ɗinkin rigar biki. Wa zai sani? Amma na ce ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Akwai abin da nake fama da shi, ina so in gyara, ina zuwa in zauna a bencin nan in gaya masa gaskiya. Wuri ɗaya ke nan da nake jin babu mai kallona sai shi. Yanzu ko addu'a na fara a ɗaki, sai in ji kamar akwai wani a bayan labule."

Goggo ta sunkuyar da kai. Auren ta zo gyarawa, ba ta san ta shiga har tsakanin yaro da Mahaliccinsa ba. Ta fara durƙusawa, gwiwar ta ƙi, ta kama ƙofar firji, ƙofar ta biyo ta. Ya yi sauri ya tare ta.

"Haba Goggo, mai ne a ƙasa. Tashi, don Allah. Kin haife ni."

"Ka yafe mini."

Ya zaunar da ita a bencin, shi kuma ya zauna a kan tukunyar gas. Ya yi ta juya filayar a hannu.

"Ba zan yi miki ƙarya ba ke ma. Yau ban iya ba. Zan roƙi Allah ya ba ni, don ni ma gafarar nake nema, ban isa in hana wani ba. Amma yau ban iya ba."

"Na gode da hakan ma."

"Inda kika zubar kuma, can za ki je ki kwashe."

"Zan je."

Ya numfasa. Ya kalli ƙofar rumfar, babu kowa. Muryarsa ta yi ƙasa, ta gaji. "Tun da abin ya kai ki har ƙarƙashin benci, bari in gaya miki kawai ki huta. Ni ma na gaji da riƙewa. Abin da ya faru shi ne..."

Duk jikin Goggo ya miƙa zuwa gare shi. Watanni tana kwana tana tashi da tambayar nan, ga amsar ta zo har bakin kunnenta, kyauta. Sai ta ga hannayenta sun tashi sun toshe kunnuwan da yatsu. Ta ɗan sassauta na dama, ta sake dannawa da ƙarfi.

"A'a!" ta ce da ƙarfi, don ba ta jin muryarta. "Kada ka gaya mini! Ina so in ji, Allah ya sani ina so, shi ya sa kada ka faɗa! Kai wa Fasto, ko ka bar wa Allah. Ni ba ma'ajiya ba ce!"

Wani mai wucewa ya leƙo. Injiniya ya rufe baki, ya kalle ta da yatsu a kunne da baƙin mai a gefen zani, dariya ta kufce masa ba da sonsa ba.

A taron mata na gaba, Goggo ta miƙe tun kafin a tambayi masu buƙata. Ta ce wannan karon za ta kama suna, kuma sunan nata ne. Ta ce babu yarinya, babu ɗa, su matan ne suka haife su duka a durƙushe, ita ce kuma ta kawo cikin. Tsohuwar nas ta ce ita ai "in" ta ce, ba ta tabbatar ba. Goggo ta ce, "Ƙawata, 'in' ɗin nan naki ya yi tafiya har ya samu gidan haya." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Addu'ar ranar gajera ce.

Saura Dattijo. Ta same shi da la'asar a barandar gidansa, yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Ta gaishe shi, ta zauna a gefen tabarma, ta maimaita abin da ta faɗa wa mata. Ya saurara irin sauraron shugaban makaranta, kai a karkace.

"Na ji, kuma kin kyauta da kika zo," ya ce. "An cire yarinya, an cire ɗa. Tambayata tana nan. Me ya hana shi sha?"

"Ban sani ba."

"Ke? Ke ce ba ki sani ba?"

"Ya so ya gaya mini, na toshe kunne."

Dattijo ya sa tabaran ya dube ta da kyau. "Lallai ƙarshen zamani ya zo." Ya gyara zama. "Duk da haka, ba zan ba da 'yata ga mutumin da ke da abin ɓoyewa ba. Mutumin kirki ba ya barin farantin Ubangiji ya wuce shi wata da watanni."

A nan ne wani abu ya taso wa Goggo daga can ƙasa. Shekarun baya, tun Auta na goye, akwai wani rami a bencin gaba da ya kusan shekara babu kofi. Ta tuna shi sarai, don ya hana ta barci a lokacin. Magana ɗaya kawai za ta yi, gardamar ta mutu, a ɗinka rigar amarya. Maganar ta zo har kan harshenta, ta ji ɗanɗanonta. Don alheri ne ma, in ji wata murya a cikinta, irin muryar da ta ɗaga mata hannu a taron mata. Ta dantse leɓe. Ya Ubangiji, ta ce a ranta, yanzun nan na fito daga ramin nan.

"Yaron bai yi maka ƙarya ba, Dattijo," ta ce. "Bai yi wa Allah ba. Da ya sha, da ba ka taɓa sani ba. Wannan kaɗai na sani."

Sai ya ce, "Wai ma ta yaya kika gane? Kanki ba a sunkuye yake ba?"

Ta gaya masa maganar ramuka. Ta faɗa a taƙaice, idonta a kan tabarma.

"Kowane benci kike bi?"

"Kowane benci."

"Har na gaba?"

"Daga nan nake farawa."

"Tun yaushe?"

"Tun da na karɓi aikin."

Dattijo ya cire tabaran. Zaren da ya ɗaura ya kwance, ƙafar ta faɗi a cinyarsa, bai ɗauka ba. Daga cikin gida ana jin ƙarar wanke-wanke.

"Kuma ba ki taɓa..."

"Dattijo, da nawa zunubin na zo. Shi ma ya ishe ni ɗauka."

Ya juya ya kalli bangon gidan da ke fuskantarsu. Da ya yi magana, muryar ba ta shugaban makaranta ba ce.

"Babu wanda ya tambaye ni a lokacin. Da an tsare ni an tambaye ni, ban san ko da na dawo ba." Ya shafa fuska. Sai ya ɗaga murya: "Auta! Kawo mini takalmina da sanda."

Ta fito da kumfa a hannu, ta kalli ubanta, ta kalli Goggo, ta koma da gudu ta kawo. Ya sa takalmin a tsaye.

"Rumfar nan tasu, bayan masu kayan lantarki take?"

"Eh, Baba," in ji Auta.

Suka fito tare da Goggo, yana gaba tana biye, har mararrabar da hanya ta rabu. Ya juyo.

"Ke kuma ina za ki?"

"In raka ka mana. Hanyar akwai kwana-kwana, kada ka ɓata."

"Na koyar da rabin masu shagunan layin nan. Ba zan ɓata ba."

Ya kama hanyar dama, sandarsa na bugun ƙasa. Goggo ta tsaya tana kallon bayansa. Me zai fara cewa? Zai ba yaron haƙuri ne, ko sai ya yi masa wa'azi tukuna? Akwai wata 'yar hanya ta bayan masu faci da ke fita daidai jikin rumfar, inda kwanon ya huje, mutum zai ji komai ba a gan shi ba. Ƙafarta ta dama har ta ɗaga.

"Ya Ubangiji, ka riƙe mini ƙafafun nan," ta ce a fili, har wata mai tallan lemo ta waiwayo.

Ta gyara mayafinta, ta bi ta hagu.